Saiwa a Cikin Jiƙaƙƙen Kallabi

Madarunfa, ranar Juma'a bayan la'asar.

Zuwa ga Balarabata, sanyin idona, inuwar da nake gudu zuwa gare ta in rana ta take, ruwan randata bayan dawowa daga gona, wadda jin sunanta kaɗai ke sassauta mini ƙirji. Ina yi miki sallama irin ta mai laifi da ke tsaye a bakin zaure, bai san ko za a ce masa ya shigo ba. Ina gaishe ki, ina gaida hannuwanki biyu. Su ma na fi gaisarwa, don ƙanwata Hauwa ta gaya mini halin da suke ciki.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na yago takarda daga kayen lakwal na Hauwa, littafin rubutunta na makaranta, na ari bik ɗinta, na zauna gindin bango ina rubutu kamar ɗan aji uku. Ki yi haƙuri da karkacewar layukan. A kan gwiwata nake rubutawa.

Masoyiyata, kin san sana'ata. Tun ina ƙarami nake saƙa amya, in shafe ta, in turara ta, in hau gawo in rataye. Zuma ta harbe ni a fatar ido, ta harbe ni a harshe, ta taɓa shiga mini cikin wando ina can ƙololuwar kuka, ban faɗo ba, ban ko yi ƙara ba. Ina taƙama da cewa babu abin da zai sāke girgiza ni a duniyar nan. Ashe ƙarya nake yi wa kaina. Kalmomi kaɗan da kika aiko mini sun zaunar da ni a ƙasa tsakar gida, gaban kaji da awaki, na kasa tashi har aka kira azahar. Yaya aka yi kika sani? Yaya aka yi kika sani tun ranar farko, kika kuma yi shiru?

Bari in koma can baya, ko zuciyata za ta sami inda za ta tsaya.

Kin tuna ranar da muka fara magana, kaka biyu da suka wuce? Kun zo bakin tafki ke da ƙawayenki sayen kifi, masunta ba su fito ba tukuna, kuka tsaya jira. Ni kuma ina tsugune gindin gawo, na kife sabuwar amya a kan kasko ina yi mata turare don ƙudan zuma su ji su shigo. Ƙawayenki suka toshe hanci suna dariya. Ke kika matso, tasa a hannu, kika tambaye ni me ke ciki. Na ce sirrin gidanmu ne. Kika ce to sirrin gidanku ya cika bakin tafki. Nan take na zazzage miki shi duka, abin da kakana ya hana a gaya wa kowa: kajiji ne da ɗoɗɗoya da ƙaron hano, a daka a cuɗe da kakin zuma. Kika lumshe ido kika shaƙa, kika ce: “Wannan ƙamshi, ko a tsakiyar kasuwar Ɗan Issa na ji shi, sai na gane shi.” Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na ɗauka irin maganar 'yan mata ce. Amyar ta kusa kamawa da wuta ina kallonki.

Bayan wata guda na kawo miki kyautar farko, wadda har yau ƙawayenki ke yi mini tsiya a kanta. Samari na kawo sabulu da turare da takalmi, ni na kawo ƙwayoyi bakwai baƙaƙe a ƙulle cikin takarda. Wani tsohon mai lambu a Maraɗi ya ba ni su. Ya nuna mini shukar a jikin katangarsa, mai yaɗo ce, ta lulluɓe katangar da furanni ruwan hoda ƙanana a tsintsiya-tsintsiya, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a kanta. Ya ce ba ta da son ruwa, in ta kama ƙasa ta kama ke nan, don tana tara 'ya'ya a saiwa kamar ƙananan dankali, da su take cin rani. Na tambayi sunanta, ya faɗi wani abu da Faransanci wanda ya zube mini kafin in kai tasha. Ke kika raɗa mata suna. Kika ce tunda babu wanda ya san danginta a garin nan, Baƙuwa ce.

Bakwai kika shuka a gindin bangon gidanku daga ciki, inda kike alwala. Kaji suka tone huɗu. Biyu suka fito suka ƙone. Ɗaya ta rage, siririya kamar zaren ɗinki, kika kewaye ta da ƙaya, kika kife mata tsohon kwando da rana, kina buɗewa da yamma. Ba ki taɓa ɗebo mata ruwa na musamman ba, kin ce ba za ki sa Innarki ta ce kina ɓarnar ruwan famfo a kan ciyawa ba. Ragowar butarki kawai take sha, sau biyar a yini. Da rani ya tsananta, rijiyoyi suka ja baya, ganyenta ya zube ƙaf, ta zama busasshiyar igiya a jikin bango. Na ce miki ta mutu, in sāke nemo wata. Kika harare ni, kika ce in mutum ya yi shiru ba mutuwa ya yi ba. Ruwan farko na sauka ta tsiro daga ƙasa wuri uku.

Sauran kuma duk unguwa ta gani. Ta kama bango da 'yan zaruruwanta, ta haye, ta leƙa waje, ta sauka kan rumfar ƙofar gida inda mahaifinki, Baba Ladan, ke zama tsakanin salloli. Bana ta rufe rumfar ruf. Mai wucewa kan moto sai ya rage gudu ya kalla. Tun hantsi ƙudan zuma ke zuwa, suna ta guna-guninsu a can sama, ba su taɓa sauko wa kowa ba. Baba kan yi ƙorafi, ya ce an mai da masa rumfa kasuwar ƙwari, amma ban ga ya ɗauke tabarmarsa ya koma wani wuri ba. Ni kuwa in na biyo ta layinku, ko ban gan ki ba, ganin furen nan ya ishe ni guzurin yini. Nakan ce a raina, hannunta ne ya yi wannan, da ragowar ruwan alwala.

Sai ga ranar Lahadi, ranar da na shekara biyu ina jira. An gama yankan gero, an ɗaure dammuna, Baffana Ilyasu da dattawa biyu za su je gaban Baba neman aurenki. Ni ina gida kamar yadda aka saba, na kasa zaune na kasa tsaye. Na ga fitarsu cikin manyan riguna, ƙwaryar goro a gaba, Baffa yana tafiya yana gyara hula. Ban kusance su ba don kunya. Da na matso taku uku kawai, da hancina ya gaya mini, da duk wannan bai faru ba.

Abin da ya biyo baya kin fi ni saninsa, kina bayan bango. Ni labari aka kawo mini a guje. An ce sun zauna, an gaisa, Baffa ya buɗe baki zai fara bayani, sai rumfa ta yi duhu. Wani taron zuma mai neman sabon gida, wanda ya sauka a tsamiyar bayan gidanku, ya taso gaba ɗaya ya nufo su. Ba kan fure ya sauka ba, kan kafaɗar Baffa ya sauka. Baffa ya kai mari, ya murƙushe biyu, kin kuwa san in aka murƙushe ɗaya, warinta ke kiran sauran. Goro ya watse, awaki suka samu. Baffa, dattijo mai jikoki tara, ya tuɓe babbar riga a tsakiyar titi, ya ruga da 'yar shara. Baba Ladan, da ya tsaya yana cewa a natsu a natsu, shi zuma ta samu a leɓe. Kwana biyu unguwa ba ta ji muryarsa a kiran salla ba, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba.

Aka ce a kira mai zuma. Wa za a kira in ba ni ba? Na zo da amya a kafaɗa, na tarar da rigar Baffa a ƙasa, ta yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma. Na tsuguna, na ɗaga hannun rigar a hankali.

Balaraba, ƙamshin nan ya buge ni kamar an kwaɗa mini taɓarya. Kajiji, ɗoɗɗoya, hano, kaki. Turarena ne, turaren amya.

A tsugunen nan na ga komai. Mako guda kafin nan murfin gwangwanina ya yi tsatsa, na ga wata kwalba babu kome ciki a kan bangon ɗakin Innata, na juye turarena a ciki, na mayar da ita inda take, na manta. Kwalbar turaren wutarta ce. Safiyar Lahadi Inna, da murnarta da rawar jikinta, ta ce surukai ba za su ji warin adaka a jikin mutanenta ba. Ta karɓi rigunan uku, ta zuba garwashi a kasko, ta kife kwando, ta shimfiɗa su a kai. Idonta ya yi rauni, mura kuma ta toshe mata hanci, turaren biyu kuwa duk baƙaƙen dunƙule ne. Ta turara dattawan gidanmu kamar yadda nake turara amya, ta tura su ƙarƙashin tsamiya mai taron zuma.

Na kakkaɓe zumar cikin amya, na toshe, na naɗe rigar na cusa a hammata don kada wani ya sunsuna. Mutane na ta sa mini albarka, wai yaron nan gwani ne. A gefe kuma ina jin ana cewa ai dama, wa ke shuka abin kiran zuma a ƙofar gida? Wata ta ce taurin kan yarinya ne, ubanta ya sha faɗa. Wani ya ce wannan ba alamar alheri ba ce. Ina ji. Da kunnuwana biyu nake ji ana ɗora miki, ana ɗora wa Baƙuwa, bakina yana rufe. Na ce a raina, in na faɗa, Inna ta zama abin dariya a bakin famfo har ƙarshen ranta, za a riƙa kiranta mai turara surukai. Na ce bari ƙura ta lafa. Na ce gobe. Na sa wa tsorona sunan biyayya ga uwa, na tafi gida da amyata cike.

Litinin na ji Baba ya ce a sare ta. Na ce zan je da yamma, yamma ta yi ban je ba. Talata na biyo ta layinku da hantsi, ƙafafuna suka tsaya da kansu. Rumfa tsirara, kara da itace kawai. Furen da na saba gani a sama yana zube a ƙasa, tumaki na tattakawa. Ƙudan zuma sun zo kamar kullum, suna kewaya inda furen yake a da, suna sauka kan busasshen kara suna tashi. Na tsaya ina kallonsu kamar wawa har mai amalanken jaki ya ce in ba shi hanya. Duk da haka, hasken raina, duk da haka ban buɗe baki ba. Wane irin mutum ne wannan? Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Laraba, ranar sunanki, Hauwa ta dawo daga gidanku da ƙwarya a rufe da faifai. Da na gan ta na ce shi ke nan, an fara mayar mini da kayana. Na buɗe. Saiwar Baƙuwa ce da 'ya'yanta, an tono ta a hankali, ko guda ba a raunata ba, an naɗe ta da ƙasarta cikin kallabinki shuɗi, kallabin kuma a jiƙe. Hauwa ta ce yayanki ya ɗauko adda, kika karɓe, kika ce ke kika shuka, ke za ki sare. Ta ce kin yi ta sara ba ki yi kuka ba, tafin hannunki duk ya yi bororo ya fashe. Da kowa ya watse kika ɗauki hauya kika yi ta tono har kika kai ga saiwar. Na tambaye ta ko akwai saƙo. Ta kalle ni irin kallon da ƙanwa ba ta yi wa yayanta, ta maimaita mini maganarki kamar yadda kika faɗa:

“Ki ce mishi Baƙuwa ba ta yi laihin komi ba, kuma ya sani. Tun da sunka shigo layi na ji ƙamshin. Na yi shiru ne don Inna tai.”

Inna lillahi! Balaraba, kina bayan bango, tun kafin su zauna, kin gane. Abin da kika faɗa a bakin tafki, wanda na yi wa dariya, ashe gaskiya kika faɗa. Kina da maganar da za ta wanke ki a gaban mahaifinki cikin numfashi ɗaya. Kina da abin da zai ceci shukar da kika yi rani biyu kina raba ruwan alwalarki da ita. Kika haɗiye. Aka kira ki mai taurin kai, kika haɗiye. Aka miƙo adda, kika karɓa. Kika rufa wa uwata asiri, matar da ba ta zama surukarki ba tukuna, kina jiran ɗanta ya zo ya faɗi gaskiya da bakinsa. Kin jira Lahadi, kin jira Litinin, ɗan nata yana gida yana leƙa sabuwar amyarsa. Ni na yi shiru, ke ma kin yi shiru, amma dubi tazarar da ke tsakanin shirun nan biyu. Nawa ni ya tsare, naki ke ya ci.

Na sha jin ana cewa mutum ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban ma nemi ta tsage ba, na ga ban cancanci ta ɓoye ni ba.

Jiya Alhamis na shiga ɗakin Inna na gaya mata komai, har da saƙonki. Ta ɗauko kwalbar ta buɗe ta kai hanci, murar ta sake ta yanzu. Ta mayar da murfin. Sannan ta ce: “Ɗiyar mutane ta sare abinta don kar a yi mini dariya, kai kuma da na haifa ka tsaya kallo? Wa ya ce maka ina tsoron dariya?” Ta yafa mayafi, ta saka kwalbar a ciki, ta fita. Ba gidanku ta fara zuwa ba, bakin famfo ta nufa, inda mata suka fi yawa. Da bakinta ta ba su labari, tana miƙa musu kwalbar suna sunsunawa. An ce har da masu riƙe ciki. An riga an raɗa mata sunan da na ji tsoro, tana kuma amsawa. Abin da na sayar da ke don in hana, ta ɗauke shi da hannu ɗaya kamar ƙwaryar fura.

Yau bayan an sauko daga masallaci na je gaban Baba. Na tsuguna a rumfar nan da babu inuwa, rana na dukanmu mu biyu, na faɗa masa tun daga tsatsar gwangwani har zuwa rigar da na cusa a hammata. Leɓensa bai gama saɓewa ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ɗaga kai ya dubi karan rumfa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce zancen zuma ƙaddara ce, ya yafe, Baffa na iya dawowa duk ranar da ya ga dama, amma da rigar da ba ta ga kasko ba. Na fara godiya, ya ɗaga mini hannu. Ya ce: “Tsaya. Ni leɓe na ɗai anka taɓa, ya kuwa kusa warkewa. Wadda anka sa ta sare abinta tana ciki. Ni na ba da umarni bisa rashin sani, na kuwa roƙe ta gahwara. Kai da sani ka yi. In ta ce a zo, a zo. In ba ta ce ba, kar in ga goron kowa.”

To ga ni, ya farin watana, ya sanyin safiyata, ya wadda ta fi ni ta kowace fuska da na auna. Magana ta dawo hannunki, hannun da na bari ya yi bororo. Ba zan ce miki ban sani ba, kin san na sani. Ba zan ce don Inna na yi ba, Inna da kanta ta ƙwace mini wannan mafaka. Tsoro ne, tsoron bakin mutane, ni da ke hawa kuka in tari zuma da hannu. Abin da nake da shi kawai shi ne wannan: na ga kaina ranar Laraba a cikin ƙwaryar nan, abin da na gani bai yi mini kyau ba, ba na kuma son in sāke zama shi. In Allah ya haɗa mu, za a yi ranakun da gaskiya za ta yi tsada a gidanmu. Na yi miki alkawari, ba za ki sāke tsayawa bayan bango kina jiran muryata ki ji shiru ba.

Ban shuka saiwar ba. Tana cikin fasasshiyar tukunya da damshin rairayi, a inuwar ɗakin da na gina miki, wanda na gama yaɓensa kafin kaka. Ba ni da ikon zaɓa mata wuri, ba ni na raine ta ba. In kin yafe, ki gaya wa Hauwa gefen da kike so, gabas da ƙofa ko yamma, a ranar zan haƙa ramin. In kuwa zuciyarki ta ƙi, ba zan ga laifinki ba. Zan kawo ta da kaina, in roƙi Baba izini, in mayar da ita gindin bangonku inda kike alwala, in juya in tafi. Ko ta wace hanya, Baƙuwa za ta sāke hawa bango. Tsohon nan na Maraɗi ya ce saiwarta na iya jiran rani guda cur ba ta mutu ba. Ni ban san ko ina da irin ƙarfinta ba, amma zan jira.

Kallabinki yana wurina. Na so in wanke in aiko miki da shi, na kasa. Tun ranar Laraba nake tambayar kaina abu guda: wadda ta gama da mutum, za ta tsaya ta jiƙa kallabi? Ban yarda in ba kaina amsa ba, don ba ni da wannan hurumin. Ina dai zuba wa tukunyar ragowar butata, sau biyar a yini, kamar yadda na koya a wurinki.

Naki ne ni, in kin karɓa naki, in kin ƙi ma naki, daga yau har ranar da za a daidaita mini ƙasa.

Ashiru mai amya.